Ciwon Suga a Wurin Aiki: Kada Ka Ɓoye, Doka Tana Bayanka

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu a nan Birtaniya aikin dare muke yi: gadi, kula da tsofaffi, sharar ofisoshi, ɗaukar kaya a sito, tuƙin tasi ko bas. Irin wannan aiki yana rikita lokacin cin abinci da shan magani. Duk da haka wasu masu ciwon suga suna ɓoye ciwonsu don tsoron kora. Ɓoyewar nan ita ce ke jefa mutum cikin haɗari, ta kuma hana shi haƙƙinsa.

Dokar Equality Act ta 2010, wadda ke aiki a Ingila da Sikotland da Wales, ta hana nuna bambanci ga mai lalurar da ta daɗe kuma take shafar harkokinsa na kullum. Ana duba yadda ciwon zai kasance in babu magani, don haka mai allurar insulin kusan kullum yana cikin kariyar dokar, haka ma masu shan ƙwaya da yawa. Kafin a ba ka aiki, ba a yarda a yi maka tambayoyin lafiya ba sai a wasu keɓaɓɓun yanayi.

Wajibi ne mai aiki ya yi maka sassaucin da ya dace, kuma shi zai ɗauki nauyin kuɗinsa. Misali, ɗan hutu don auna suga da cin abinci a kan lokaci, wuri mai tsabta na yin allura, izinin ajiye abin zaƙi kusa da kai, lokacin zuwa asibiti duba ido ko ƙafa, ko sauya jadawali idan aikin dare yana dagula sugarka. Amma wajibin ba ya hawa kansa sai ya sani, ko akwai alamun da ya kamata ya gane. Saboda haka ka sanar da manaja a rubuce, ka faɗi abin da kake buƙata, ka haɗa da takardar likita, ka ajiye kwafi.

Babban abin tsoro a bakin aiki shi ne faɗuwar suga, wato ta sauka ƙasa da 4 a na'urar awo. Alamunta su ne rawar jiki, zufa, yunwa, jiri da ruɗewa. Nan take ka sha abin zaƙi mai saurin aiki, kamar ƙaramin kwalin ruwan lemu ko ƙwayoyin gulukos, giram 15 zuwa 20. Bayan minti 15 ka sake aunawa, sannan ka ci burodi ko ayaba. Ka koya wa abokin aiki ɗaya ko biyu wannan. Idan ka suma, kada su ɗura maka komai a baki, su kira 999.

Direbobi, ku kula. Mai allurar insulin dole ya sanar da hukumar DVLA. Ka auna suga cikin awa 2 kafin ka kama sitiyari, da bayan kowace awa 2 a hanya. In ta faɗi, ka faka, ka kashe mota, ka magance ta, ka jira minti 45 bayan ta daidaita. Sharuɗɗan masu bas da manyan motoci sun fi tsanani.

Idan aka ƙi yi maka sassauci, ka shigar da koke a rubuce, ka sanar da ƙungiyar ƙwadago in kana da ita, ka kira ACAS, shawararsu kyauta ce. Kada ka yi jinkiri, domin wa'adin kai ƙara kotun ma'aikata gajere ne.

Kafin azumi kuma, mai magani ya ga likitansa da wuri, musamman mai aikin dare. Allah Ya ƙara mana lafiya.