Ƙarin Maraina a Karnuka: Me Ya Sa Yake Yawaita, Kuma Ina Garkuwar Jiki Take?

A shekarar 1962, wani bincike da aka yi a kan gawarwakin karnuka maza ya gano ƙari a marainan kashi 16 cikin ɗari. A 2008 likitocin dabbobi na Jami'ar Milan da ke Italiya suka duba karnuka 232, suka sami kashi 27. Wannan tazara ce ta sa masana suka fara tambayar ko cutar ce ke ƙaruwa, ko ido ne ya ƙara kaifi.

Duka biyun suna da hujja. Karnukan gida a Turai sun fi daɗewa a duniya yanzu, ƙarin nan kuwa ciwon tsufa ne, kuma kayan bincike sun inganta. Amma wani nazari na Jami'ar Nottingham a Ingila, da ya fito a 2016, ya bi karnuka tsawon shekara 26, ya ga ingancin maniyyinsu na raguwa, 'yan kwikwiyon da marainansu ke maƙalewa a ciki suna ƙaruwa. An kuma sami sinadaran masana'antu a marainan da cikin abincin karnukan. Maƙalewar maraina kuwa tana ninka haɗarin ƙari sau da yawa.

Inda lamarin ya fi jan hankali shi ne rawar da garkuwar jiki ke takawa. Maraina wuri ne mai shinge: ƙwayoyin Satoli suna gina katanga tsakanin jini da maniyyi, don kada fararen ƙwayoyin jini su ɗauki maniyyin a matsayin baƙo su far masa. Idan ƙarin da ake kira seminoma ya tsiro, sai tsarin ya rushe. A ƙarƙashin madubin likita ana ganin tarin ƙwayoyin limfosayit, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, a kewaye da jijiyoyin jini da cikin ƙarin kansa. Masu binciken Milan sun nuna a 2004 cewa galibinsu na rukunin CD8 ne, masu kashe ƙwayar da ta lalace. Ana kyautata zaton wannan na cikin dalilan da suka sa seminomar kare ba ta cika bazuwa zuwa wasu sassan jiki ba.

Ƙarin ƙwayoyin Satoli kuwa ta wata hanya yake yin ɓarna. Yakan fitar da sinadarin estirojin mai yawa, gashin kare ya zube, nonuwansa su kumbura. Mafi muni, sinadarin na iya danne ɓargo, inda ake ƙera jini, sai ƙwayoyin jinin su yi ƙaranci. Karen da ya kai nan, ƙaramar cuta ko zubar jini na iya kashe shi.

Ke nan yawaitar ƙarin ba ta nufin yawaitar mutuwa, muddin an gano shi da wuri, domin fiɗiya na warkar da mafi yawansu. Abin da ya fi dacewa a sa wa ido shi ne kare mai maƙalallen maraina, wanda ƙarinsa ke girma a ɓoye. Kuma tun da kare na zaune a gida ɗaya da mutum, yana shaƙar iskar da yake shaƙa, abin da ke taɓa marainansa ya cancanci likitocin mutane ma su saurara.