Zogala: ku shanya ta cikin inuwa

Ƴan uwa manoma, kun san yadda hauya ke yin tsatsa in ta kwana waje da damana. Jikin mutum ma yana da tasa tsatsar. Iskar da muke shaƙa tana barin wani ɗan dafi mai cin jiki sannu sannu, har ya kawo kumburi. Masana sun tatsi ganyen zogala, sun samu abubuwan da ke tare wannan tsatsa: bitamin C, da wani mai suna kersetin, wanda akwai shi cikin jar albasa irin ta Galmi. Da aka ba ɓeraye ruwan ganyen, kumburinsu ya ragu.

Amma rana da doguwar tafasa suna kashe bitamin C. A lambunan gulbin Maradi na sha ganin ganye baje kan tabarma tsakar rana, har ya koɗe. Hasara ce! Ku wanke ganyen, ku shanya shi ɗaki mai iska kwana 3 ko 4, ku daka, ku rufe cikin gwangwani. A barbaɗa garin a miya bayan an sauke tukunya.

Mace mai ciki kada ta sha saiwar ko ɓawon. Kumburi mai zuwa da zazzaɓi kuwa, a kai shi likita.