Kafin ka yi mafarkin Norwe, ka taɓa kwana a bakin Tafkin Kainji?

Duk mai hawa TikTok ko Instagram ya ga hotunan nan na ƙasar Norwe: teku ya kutsa tsakanin manyan duwatsu, ga ɗan gidan katako a gonar wani manomi da ake ba matafiya haya. Su suna kiran irin wannan mashigin teku fiyod, kuma mafi tsawonsa a can, Sognefjord, ya haura kilomita 200. Namu sai dai mu danna alamar so, don biza da kuɗin jirgi kaɗai sun isa su sa mutum ya haƙura.

To ga Tafkin Kainji a gida. Duwatsunsa ba su kai na Norwe ba, kada mu yi wa juna ƙarya, amma tsawonsa ya kai kusan kilomita 135, daga madatsar da aka kammala a 1968 har zuwa wajen Yelwan Yauri. Da ruwan ya taru sai da aka tashi mutum fiye da 40,000, tsohuwar Busa ta nutse, tsibirai da yawa na Gungawa suka tafi ƙarƙashin ruwa. Idan kwalekwale ya ratsa da kai, a kan gonaki da kufayin mutane kake wucewa.

Batun masauki shi ne inda lissafi ya bambanta. A Yelwa za ka samu gidajen saukar baƙi na kuɗi. A ƙauyukan bakin ruwa na Ngaski da Shanga kuwa, ba manhaja ba ce ke ba ka ɗaki, mutum ne. Ka nemi ɗan gari, abokin makaranta ko na bautar ƙasa, ya kai ka wurin mai gari ka yi gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka. Daga nan a sauke ka a shagon samari ko ɗakin baƙi na wani manomi. Ka riƙo tsaraba, ka zo da gidan sauronka, don sauron bakin ruwa ba ya jin lallashi. Abin da za ka samu a madadin katifar otal ya fi ta: fita gonar albasa da sassafe (albasar Yauri ai sunanta ya riga ta kasuwa), kallon masunta suna sauke karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, da tuwon shinkafa da kifin da bai kwana ba. Kuma don Allah a tambaya kafin a ɗauki matan mutane a bidiyo.

Lokaci mafi daɗi shi ne bayan damina zuwa ƙarshen sanyi. Kogin Kwara yana cika sau biyu: farin ruwa mai laka na daminar nan kusa, sai baƙin ruwa da ke tahowa tun daga tsaunukan Gini, ya iso cikin hunturu. Lokacin tafkin ya cika fal. A ranin ne kuma masarautar Yauri, ƙarƙashin Sarki Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, kan shirya bikin Rigata na tseren kwalekwale da wasannin ruwa. Farkon damina kuwa hadari kan taso babu sallama.

Ruwan nan fa yana cin mutane. Ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara, hedikwatar Ngaski, ɗauke da mutum sama da 150 ga babura, ya dare a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Lodi ya yi yawa, jiragen katako sun tsufa, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna jira a ƙasa. Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya daga nutsewa, amma a gaɓa ba kullum ake bi ba. Saboda haka ka sayi taka rigar tun daga birni. Ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar ku ɗauki shatar ƙaramin jirgi, maimakon cusuwa cikin na ranar kasuwa. Wanda ya yi maka dariya don ka sa riga, bar shi ya yi.

Tsaro ma abin dubawa ne. A Yunin 2021 ne 'yan bindiga suka sace ɗaliban kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, kuma dajin Kainji da ke ɗaya tsallaken ba wurin yawon ganin dama ba ne yanzu. Ka bi babbar hanya da rana, ko ta Jega da Koko ko ta Kwantagora, ka kira mai masaukinka da safen ranar tafiya ka ji labarin hanya. In ya ce dakata, ka dakata. Hotunan kuma a bari sai an dawo gida a ɗora, kada ka sanar wa duniya ƙauyen da kake kwana.