Jif Ba Kwalekwale Ba Ce: Jan Kunne Ga Masu Fita Kwanan Daji

Duk damina sai an turo mana bidiyo iri ɗaya a waya. Samari ne maƙare a mota, kiɗa na tashi, sun tunkari ƙoramar da ta kawo ruwa, wani daga baya yana ihu: "Taka kawai, ai jif ce!" Ana kaiwa tsakiya injin ya yi shiru, ruwa ya fara juya gindin motar, dariya ta koma salati. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu kallon ma yabo suke yi, wai direban namiji ne. Wannan ba jarumta ba ce, ganganci ne da ran 'ya'yan mutane.

Fita bayan gari a kafa tanti a kwana, a gasa nama, a huta da hayaniyar birni, abu ne mai kyau, kuma mutanen Kano ba su rasa wurin zuwa ba. Ga Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, ga na Challawa a Ƙaraye, ga Bagauda. Wanda ya fi son duwatsu sai ya nausa kudu wajen Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka yi haƙar kuza a da, ko ya bi hanyar Birnin Kudu ya ga zanen mutanen dauri a jikin dutse. Mafi kyawun wuraren sai an sauka daga kwalta ake isa gare su, kuma daga nan matsalar take farawa, domin an cusa wa mutane cewa mota in dai doguwa ce, babu inda ba ta shiga.

Da farko ma, ba kowace jif ce jif ba. Yawancin waɗanda muke gani a gari, irin su Highlander da RAV4 da CR-V da Lexus RX, an ƙera su ne domin kwalta da 'yar hanyar burji. Wasu daga cikinsu tayoyin gaba kaɗai ke jan su, kuma ba su da ƙaramar giyar ƙarfi da direbobi ke kira ogzilari, wadda a jikinta za ka ga an rubuta 4L. Kallon kitse kawai ake yi wa rogo. Mutum ya sayi mota don tsayinta, bai taɓa leƙa ƙarƙashinta ba, amma ya ɗebi iyali ya nufi fadama.

To, a ce ma Hilux ce ko Land Cruiser ta gaske. Kamfanin da ya ƙera su da kansa ya sa iyaka: zurfin ruwan da sababbin samfurinsu ke iya ratsawa bai wuce santimita 70 ba, wato ruwan da ya ɗan haura gwiwar babban mutum. Wannan ma ruwa kwantacce ake nufi, mai ƙasa tauri, kuma a tafi a hankali. Ruwa mai gudu lissafinsa daban ne. Hukumar yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu santimita 15 yana kayar da babba, santimita 30 yana ɗauke ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya da jif da a-kori-kura. Dalilin a fili yake. Ruwan da zai cika akwati mai mita 1 a tsawo da faɗi da zurfi nauyinsa tan 1 ne, daidai da buhun siminti 20, kuma irin wannan nauyi ne ke dukan gefen motar babu tsayawa. A lokaci guda kuma ruwan yana ɗaga ta sama, domin mota rufaffiya cike take da iska. Da zarar nauyinta ya ragu a kan tayoyi, sun daina kama ƙasa, ko tayoyi huɗu ke ja ko takwas. Sitiyari da birki sun tashi daga aiki ke nan.

Sai kuma injin. Injin mota iska yake zuƙa, fistin ya matse ta. Ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ya shiga ta maƙogwaron iska, wanda a motoci da yawa yake bayan fitilar gaba, fistin zai daki abin da ba ya motsi, sandarsa ta lanƙwashe ko ta karye ta fasa jikin injin. Masu cewa a shiga da gudu don a tsallake da wuri su ne suka fi kashe motarsu, saboda gudun ne ke tura ruwa ya hau kan bonet. Idan ta mutu a cikin ruwa kuma, kada a sake murza makulli. Yunƙurin tayarwa shi ke ƙarasa abin da ya saura. Har wanda ya ɗaura wa motarsa dogon bututun iska a gefen gilashi bai tsira ba, bututun injin kawai yake karewa, ba ya hana igiyar ruwa kifar da mota.

Wani zai ce ai yau ba a yi ruwa a nan ba. Wa ya gaya maka a nan ake yin ruwan da ke cika rafin? Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya ratsa dajin Falgore kafin ya zuba a Tiga. Sama na iya zama tarwai a kanka alhali an kwana ana tafka ruwa a can, bayan 'yan sa'o'i ya iso maka ba sallama. A ƙasan dam kuma ana iya sakin ruwa ko babu hadari. Shi ya sa nake mamakin masu kafa tanti a kan yashin busasshen rafi don ya fi laushin kwanciya. Kowane manomi a ƙauye ya san ba a kwana a hanyar ruwa, sai ɗan birni mai digiri.

Ko a tudu ma, jan tayoyi huɗu tafiya yake taimakawa, ba tsayawa ba. Kowace mota birki huɗu gare ta, kuma doguwar mota ta fi gajera saurin wuntsilawa a kwana ko a gefen gangara, balle an jibga kaya a samanta. Baƙar lakar fadama kuwa ba ta san tsadar mota ba. Ana ƙara wuta tayoyi na ƙara haƙa rami har cikin motar ya zauna daɓas.

Saboda haka wanda zai fita ya zaɓi lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hanyoyi sun bushe, zafi da sauƙi. Kada mota ɗaya ta tafi ita kaɗai, a yi biyu, don idan ɗaya ta kafe ɗaya ta ja. A ɗauki shebur, igiyar ja mai ƙarfi, jak da ɗan faifan katako da za a ɗora shi a kai, safaya mai iska, da famfon taya. A cikin yashi a rage iskar tayoyi, in an fito a mayar. Wajen ja, a ɗaura igiya a ƙugiyar da aka tanada a jikin shasi, ba a bamba ba, kowa kuma ya matsa nesa, domin igiyar da ta tsinke tana iya kashe mutum. In an iso ruwa a tsaya a tambayi masu babur da ke bin hanyar kullum. Idan ruwan yana gudu, ko ya yi ja, ko yana ɗauke da kara da itace, a juya. Babu wanda aka taɓa yi wa zaman makoki don ya juya.

Kafin a kafa tanti a fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, a faɗa masa ko su waye da ranar komawa, a nemi ya haɗa ku da yaro ɗan gari, a kuma sallame shi da kyau. Da ɗan gari akan ci gari. Shi ya san inda gona take, inda burtali yake, da inda ba a zuwa. Maganar tsaro ba ta wasa ba ce. An kai hari a Kajuru a Afirilun 2019 aka kashe mutum 2, sannan a Agustan 2020 aka kashe mutum 8 a wurin kallon raƙuman dawa na Kure kusa da Yamai. Falgore kanta ta yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. A tambayi jami'an tsaron yankin, in sun ce kada a kwana, a yi yini a dawo. A bar wa na gida sunan wurin, domin sabis yana ɗaukewa.

A isa da rana, a kafa tanti a tudu nesa da ruwa da doguwar ciyawa. Kada a kuskura a shigar da kurfoti ko janareta cikin tanti don sanyin hunturu. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, a barci take kashewa. Da dare a sa takalmi rufaffe a riƙe tocila saboda kububuwa, da safe a kakkaɓe takalmin saboda kunama. Wanda maciji ya sara a kai shi asibiti, ban da tsaga ko ɗauri. Gidan sauro dole ne, wanka a ruwan dam kuma hanyar tsargiya ce.

Sannan a ji tsoron Allah game da haƙƙin masu wurin. Kada a bi ta cikin shuka don a rage hanya. A kashe wuta da ruwa har toka ta huce, a kwashe leda da robobi a dawo da su gari, don akuyar talaka ce ke haɗiye su ta mutu.

Iyaye masu miƙa wa yara makullin mota ranar Asabar, ku tambaye su ina za su, da wa za su, da wace hanya za su bi. Idan akwai rafi a hanyar kuma damina ce, ku karɓe makullinku.