Ɗan Karan Da Ke Ba Algaita Murya

Tun shekarar 1924 da aka dawo da fadar Sarkin Fika garin Potiskum, wanda yanzu ke cikin Jihar Yobe, mutanen garin suka saba jin algaita ran hawan Salla, tana keta kiɗan ganguna da haniniyar dawaki. Jama'a kan zuba wa kumatun mabushi ido, amma kaɗan ne suka san cewa muryar nan duka daga wani ɗan kara take fitowa, wanda bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

Ita algaita itace ce da aka rufe da fata, mai huji huɗu. A samanta akwai bututun ƙarfe da ɗan faifai, sa'an nan karan ciyawa da aka matse bakinsa ya yi leɓe biyu. Mabushi kan cusa karan gaba ɗaya cikin bakinsa, ya jingina leɓunansa da faifan.

A nan ta bambanta da kilarinet, watau sarewar Turawa da 'yan badujalar soja da 'yan sanda ke busawa. Ita harshe ɗaya gare ta, ɗaure a jikin baki na baƙar roba mai tauri, kuma ana sayar da harsunan da lamba, daga 1 zuwa 5, gwargwadon taurinsu. Kamfanin Vandoren na Faransa tun 1905 yake wannan sana'a. Mai kilarinet na iya matsa leɓe ya ɓoye aibin harshe. Mai algaita kuwa ba shi da wannan dama, domin leɓensa ba ya taɓa karan. In kara ya yi gardama, to, kowa ya ji.

Saboda haka ba a zaɓen kara da ido kawai. Da farko sai an jiƙa shi, musamman lokacin hunturu, sa'ad da bushewa ke tsaga shi. Bayan nan a busa shi tsurarsa a ji ko ya amsa. In ya amsa, a sa shi a bututu a ja murya guda mai tsawo, ana shaƙar iska ta hanci ana turawa da kumatu ba yankewa. Kara mai tauri ya fi amo, amma nan da nan yake gajiyar da mutum. Mai laushi daɗin busa gare shi, sai dai yakan liƙe ya yi shiru daidai lokacin da aka ƙara masa iska, kuma wannan shi ne abin gudu, don algaitar da ta ɗauke a tsakiyar taken sarki abin kunya ce ga mabushi da gidansu.

Gwaji na ƙarshe shi ne a busa taken daga farko har ƙarshe, a fili, ba cikin ɗaki ba. Wanda ya ci, shi za a hau da shi, a kuma riƙe wani jiƙaƙƙe kusa saboda ko-ta-kwana.