Da Tsohuwar Zuma Ake Magani

A shekarar 1994 aka gano cewa ƙwaƙwalwar kwamfuta mai suna Pentium, ta kamfanin Intel, tana kuskure a wasu lissafe-lissafen rabawa. Musanya ta ya ci wa kamfanin dala miliyan 475. Ba wai ba a gwada ta ba ne. Amma gwaji iyakarsa lambobin da aka ba shi. Sauran kuwa sai ranar da suka tona asiri.

Tun kafin haka wasu masana sun nemi wata hanya. A 1971, a Jami'ar Edinbara ta ƙasar Birtaniya, Robert Boyer da J Moore suka haɗa kai. Zuwa 1973 sun rubuta manhaja wadda ke kafa hujjar lissafi cewa wata manhajar ba za ta kauce wa aikinta ba.

Ga misali. In aka juya jerin sunaye, na ƙarshe ya koma farko, aka sake juyawa, jerin zai dawo yadda yake. Manhajar takan fara nuna haka ga jerin da babu kome a cikinsa. Sa'an nan ta nuna cewa in ya tabbata ga wani jeri, zai tabbata in an ƙara suna ɗaya. Shi ke nan, kowane jeri ya shiga, kome tsawonsa.

Daga wannan iri ACL2 ta tsiro a 1989. Bayan abin da ya sami Intel, da ita aka tabbatar da lissafin rabawa na ƙwaƙwalwar K5 ta kamfanin AMD.

Ita kuwa ta 1973, da harshen kwamfuta mai suna POP-2 aka rubuta ta, a kan injin ICL 4130. Aka daina amfani da su duka biyu, ta rage a takarda. Bayan shekara fiye da 40, Moore ya sake gina ta cikin ACL2, Grant Passmore kuma ya gina tasa cikin harshen OCaml.

Ina amfanin wannan wahala? A ganinmu, jikar ta yi girma ƙwarai, amma kakar ƙarama ce, ɗalibi yana iya bin sawunta mataki-mataki har ya gane dabarar. Mu da albashinmu da ajiyarmu ta banki suke bi ta kwamfuta, muna bukatar 'ya'yan da ba za su tsaya ga "mun gwada" ba, sai sun ce "ga hujja".