YARO ƊAYA, ITACE ƊAYA

 

Hirarmu ta yau a kan yara take. Za mu yi magana kan makarantun firamare na ɗarikar Katolika, waɗanda muke ce wa lakwal misiyo, da yadda ya kamata a koya wa yaran da ke cikinsu kula da muhalli.

Mene ne muhalli? Muhalli shi ne duk abin da ke kewaye da mu, wanda muke rayuwa da shi. Ƙasar noma muhalli ce. Ruwan rijiya da na tabki muhalli ne. Iskar da muke shaƙa, da itatuwa, da ciyawa, da dabbobi, duk muhalli ne. Ku rubuta kalmar a allo: mu-hal-li.

Wani zai ce: ni Musulmi ne, ina ruwana da makarantar Katolika? Ɗan'uwa, da ruwanka. Kiristoci kaɗan ne a Nijar, kuma mafi yawan yaran da ke karatu a waɗannan makarantu ɗiyan Musulmi ne. Akwai irinsu a Yamai, da Maraɗi, da Damagaram, da Tawa. Wataƙila ɗanka yana ciki, ko ɗan maƙwabcinka. Bayan haka, iskar da ke kwashe ƙasar gona ba ta tambayar addinin mai gona. Abin da za mu faɗa yau ya shafi makarantar gwamnati, ya shafi makarantar allo.

DALILIN ƳAN KATOLIKA

A koyarwar Katolika, Allah ne ya halicci ƙasa, ya sa mutum cikinta don ya noma ta, ya kuma tsare ta. Ke nan ƙasa amana ce a hannun mutum. Wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnen Musulmi. Malamanmu ma suna koyar da cewa wanda ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, yana da ladan sadaka.

A shekarar 2015 shugaban ɗarikar Katolika na lokacin, Paparoma Faransis, wanda ya rasu a 2025, ya rubuta wata doguwar wasiƙa mai suna Laudato si'. Wasiƙar tana magana kan kula da duniya, gidan da muka haɗa gaba ɗaya. Ya rubuta ta zuwa ga duk mutanen duniya, Kirista da wanda ba Kirista ba. Tana da babi 6. Babi na ƙarshe yana magana kan tarbiyya. A ciki ya nuna cewa makaranta da gida su ne wuraren farko da yaro ke koyon wannan hali. Ya kuma kawo ƙananan ayyuka da kowa zai iya: rage aiki da leda, tattalin ruwa, dafa abinci daidai ci, da dasa itatuwa.

A wannan shekara ta 2015 kuma ya sa ranar 1 ga watan Satumba ta zama ranar addu'a domin kula da halitta a majami'un Katolika.

To, wasiƙa takarda ce. Yaro ɗan shekara 8 ba zai karanta ta ba. Yaya za a yi maganar ta shiga hannunsa? A nan ƙasarmu hanya mafi kusa ita ce itace.

ABIN DA ƘASARMU TA GANI

Tsofaffinmu sun tuna farin 1973 da 1974. Sun tuna na 1984. Dabbobi sun mutu. Rijiyoyi sun ƙafe. Mutane sun bar garuruwansu. Inda aka sare itatuwa, iska ta kwashe ƙasa mai kyau, rairayi ya rufe shuka.

Amma ƙasarmu ta ga wani abu kuma. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don su tare iska. A Keita aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na aikin. A jihar Maraɗi, tun wajen 1983, manoma suka fara sassaben zamani: in an zo share gona, ba a kashe tohon da ke fita daga kututture. Ana zaɓen ƴan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. Da wannan dabara mai sauƙi, masana sun ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a kan ƙasar noma hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Yau baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe don su ga aikin manomin Nijar.

Wannan tarihi namu ne. Ya kamata malami ya gaya wa yara shi kafin ya ba su labarin dazuzzukan ƙasashe masu nisa.

INDA GIZO KE SAƘA

Tun 1975, zamanin shugaba Seyni Kunce, ranar 3 ga watan Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasarmu. An zaɓi lokaci mai kyau, domin damina ta zauna, ƙasa ta jiƙe.

Amma ku duba da kyau. A watan Agusta makarantu suna rufe, yara suna babban hutu. Ba a komawa sai watan Oktoba. A lokacin ruwa ya ɗauke. Gaba kuma ga wata 7 ko 8 ba ɗigon ruwan sama. Ga awaki suna yawo. Ga zafin watan Afrilu da Mayu.

Shi ya sa za ka ga an dasa itatuwa a filin makaranta da kiɗa da tafi, amma kafin damina ta zagayo sai ramuka kawai. Dashe aikin yini ɗaya ne. Reno kuwa aikin shekara ne, har shekara biyu ko uku. Itacen da aka ce na kowa ne, ba wanda zai tashi da asuba ya ba shi ruwa.

Maganin abin shi ne a ba kowane yaro itacensa. Ya san shi, ya sa masa alama, a tambaye shi labarinsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Haka yaro.

AIKIN SHEKARA

Ga yadda malami zai iya raba aikin bisa lokutan shekara.

Da kaka, in an koma makaranta, a fita da yara su san itatuwan garinsu da sunayensu: gawo, kuka, magarya, aduwa, tsamiya, bagaruwa, kalgo, sabara. Kowane yaro ya tambayi kakarsa ko kakansa amfanin itace ɗaya, ya kawo amsa aji. Nan za su ji abin mamakin gawo. Sauran itatuwa suna yin ganye da damina. Shi gawo da damina yake zubar da nasa. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa kuma ya zama taki a gindinsa. Da rani ya yi kore, ya ba da inuwa, ƴaƴansa su zama abincin dabbobi. Yaron da ya san haka ba zai sa wa ƙaramin gawo gatari ba.

Da ɗari, yara su tara iri. Su ajiye shi wuri busasshe, su rubuta sunan kowane iri a jikin ƙunshinsa. Irin dogon yaro ne ba ya son ajiya. Shi da ɗanyensa ake shuka shi.

Da bazara, wajen watan Maris ko Afrilu, a buɗe wurin renon itatuwa a gefen makaranta, inda akwai inuwa da ruwa kusa. A gauraya rairayi da ruɓaɓɓen taki, a cika ƴan tukwane ko ledojin reno. Irin gawo da na bagaruwa suna da ɓawo mai tauri. Sai an jiƙa su a ruwan zafi sun kwana, ko an ɗan kankare bayansu, sannan su tsira da wuri. Wannan aikin malami ne, kada a bar wa yara ruwan zafi. Zogale kuwa ba ya da wuya, cikin mako ɗaya ko biyu ya fito. Shi ya fi dacewa da ƴan aji na farko, domin ƙaramin yaro ba ya da dogon haƙuri. A raba bayi: yau wannan layi, gobe wancan, safe da marece.

In an zo rufe makaranta, dashen ya kai wata 3 ko fiye. A nan ne dabarar take. Kada a bar shi a makaranta ba mai tsaro. Kowane yaro ya ɗauki nasa ya kai gida. Waɗanda za a dasa a filin makaranta kuma, a rubuta sunayen yaran da ke kusa waɗanda za su riƙa zagayo su lokacin hutu.

Da damina, bayan ruwa mai yawa, a haƙa rami mai faɗi da zurfi kamar kamu ɗaya. A yanke ledar a cire ta, kada a binne itace da ita. A mayar da ƙasa, a danna, a bar ɗan kwari a gindi don ruwa ya tsaya. A ranar nan, kafin a tashi, a kewaye shi da ƙaya. Akuya ba ta jiran gobe.

In an koma makaranta a Oktoba, tambayar farko ita ce: ina labarin itacenka? Wanda nasa ya mutu kada a dake shi. A tambaye shi abin da ya kashe shi, ƙishirwa ko akuya ko gara. Aji duka ya ji, a ba shi wani.

Ku lura, cikin wannan aiki yaro bai bar karatu ba. Ya ƙidaya iri, wannan lissafi ne. Ya auna tsawon dashe, wannan awo ne. Ya rubuta ranar shuka, wannan rubutu ne. A darasin addini kuma, malamin ɗan Katolika zai tuna masa cewa godiya ga Mahalicci tana cikin kula da halittarsa. Ɗan Musulmi zai ji irin wannan nasiha wurin malaminsa na allo.

LEDA, RUWA DA ITACEN GIRKI

Akwai wasu halaye uku da ya kamata su bi bayan itace.

Na farko leda. A 2014 ƙasarmu ta yi dokar hana irin siraran ledojin nan, amma har yanzu suna cike da tituna. Suna toshe magudanar ruwa. Tunkiya ko saniya ta haɗiye su, su cushe mata ciki, ta rame, wani lokaci ta mutu. A koya wa yaro ya tafi aike da kwano ko kwando. A ajiye wurin zuba shara a kowane aji.

Na biyu ruwa. A rufe famfo in an gama. Ruwan wanke hannu kada ya tafi banza, a zuba shi gindin itace.

Na uku itacen girki. Murhun zamani, na laka ko na ƙarfe irin Mai Sauƙi, yana cin itace kaɗan bisa ga murhun duwatsu uku. Yarinya ko yaron da ya ga bambancin a makaranta zai kai labari gida.

AIKINKU, KU UWAYE

Malami yana da yaro wata 9 ne kawai. Watannin da itace ke kama ƙasa, yaro yana hannunku.

Saboda haka, malam, in ɗanka ya shigo da dashe, kada ka ce wasan yara ne. Nuna masa wuri a gida ko a garka ko a gona. Taya shi yanko ƙaya. In za ka yi sassabe, tafi da shi, ka nuna masa tohon da ake bari da wanda ake datsewa. Wannan ilimi kai ke da shi, ba ya cikin littafinsa.

Ke kuma malama, ruwan wankin hatsi da na ɗauraye kwanuka marar sabulu mai yawa, a ba itacen yaro. Ki sa ido kan awakinki.

Kuma yanzu da kuka iya karatu da rubutu, ga wurin aiki da su. Ku ɗauki littafi, kai da ɗanka. Ku rubuta sunan itacen, da ranar da aka dasa shi. Kowane wata ku auna shi, ku rubuta. Ɗa yana koyo a lakwal, uba ko uwa suna koyo a cibiya, ga aiki ɗaya ya haɗa ku.

LISSAFI

A misali, makaranta tana da aji 6. Kowane aji yana da yara 50. Kowane yaro ya dasa itace 1. Itatuwa nawa aka dasa? In rabinsu suka mutu da rani, nawa suka rage? In aka yi haka shekara 6, itatuwa nawa za su rayu? Ku yi lissafin a allo, ku nuna wa malaminku.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. Itatuwan da aka dasa bara a garinku, nawa suka rayu? Me ya kashe sauran?
2. Wane itace ne ya yi ƙaranci a garinku, wanda da can yana da yawa?
3. Wa ke kula da itatuwan makarantar garinku lokacin hutu?
4. Yaya uwayen yara da malamai za su raba wannan aiki?

Ku tattauna a cibiyarku. Ku zaɓi mutum ɗaya ya rubuta amsoshinku da hannunsa, ku ba malaminku ya aiko mana. Za mu karanta wasu a shiri na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.